Ta Kawo, Ta Ɗauke

Kwamfutar takan kawo wuta, fankarta ta yi ɗan huci, tambarin kamfani ya bayyana a tsakiyar allo, kafin mutum ya ce yauwa sai ta ɗauke ɗif. Haka ta fara wata safiya, haka ta sake washegari, kuma tun daga ranar maigidan bai ƙara cewa uffan ba, domin da ita yake magana.

Kuma fa mutumin da ake kira Rediyo ke nan. Duk shekarunsa na aiki a makarantar koyon tuƙi ya yi su, yana zaune gefen ɗalibi yana zuba ba ƙaƙƙautawa: saki kuloci a hankali, wa ya ce ka kalli ƙafarka, titi ne a ƙarƙashin kujerar? Ɗalibansa suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Matarsa, wadda tela ce, takan ce ita kam da ta san bakin nan aka haɗa mata a sadaki da ta nemi ragi. Sai ga shi ciwon da ya zo masa bai zo da zazzaɓi ba, bai zo da kumburi ba. Ƙafafu ya fara ɗauka, sannan hannun hagu, sannan harshe. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye: ciwon jijiya ne mai cin gaɓa bayan gaɓa, abin da ya ci ba ya mayarwa, hankali kuwa ba ya taɓa shi. Abin da ya rage wa Rediyo shi ne yatsa ɗaya a hannun dama, manuniya.

'Yarsu, da ke aure a nesa, ita ta kawo tsohuwar kwamfutarta ta ɗora masa a ɗan teburin da ake gittawa bisa gado, ta ƙara girman haruffa yadda uwar za ta iya karantawa daga bakin ƙofa. Da yatsan nan guda ya ci gaba da mulkin gidansa. A juya ni. Shayin ya huce. Wannan matar da ta kawo ɗinki ba za ta dawo ba, na ji muryarta. Wata rana har ya rubuta mata cewa tsufa ya yi mata kyau, ta ce ciwon ya fara taɓa ido ke nan.

Yana da dokarsa kuwa, irin ta direbobi. Ba a barin inji yana aiki a banza, saboda haka in ya gama magana sai ya kashe ta. Kuma ba a taɓa wa direba makulli. Shi zai kunna da kansa. Nata aikin shi ne ta buɗe murfin, ta ɗauki hannunsa ta ajiye a gefen madannai, ta ba shi wuri. Tun farko ya rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa ba ya son a tsaya masa a ka kamar yaron da aka ɗora a fo. Saboda haka takan ajiye hannun ta wuce kicin ko ta koma kan kekenta a falo, sai ta ji 'yar ƙarar madannai sannan ta leƙo.

Yanzu ba ƙarar madannai. In ta leƙo, sai ta hangi hasken allo a gilashin idonsa, ya ɗan jima kaɗan, ya mutu. Ranar farko ta matso ta miƙa hannu za ta gwada dannawa da kanta, sai ya yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro, ya zare mata ido. Ta janye.

"To, na ji. Ban taɓa ba. Hali zanen dutse, kana kwance ma ba za ka bari a taya ka ba."

Ta kira 'yar a waya. Yarinyar ta ce ta cire caja ta mayar, ta canza soket, in ta ƙi ta kai wa mai gyara, kada ta bari Baba ya kwana biyu haka. Uwar ta ce mata kada ta damu, ai ƙarfe ne, ƙarfe kuwa gyara yake ji. Ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da shi, ta sa kwamfutar a jakar da take zuba yadi, ta hau bas.

Shagon mai gyaran wani lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, a layin masu sayar da wayoyi. Mutum biyu ba sa tsayawa ciki sai ɗaya ya yi gefe. Gawarwakin kwamfutoci jibge a kanta har rufi, ƙusoshi ƙanana a murfin gwangwani, ƙaurin dalma ya kama ko'ina. Shi kansa dattijo ne mai furfura a gemu, da gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Injiniya ake ce masa a layin.

"Me ke damunta, Hajiya?"

"Ta kawo, ta ɗauke. Ko minti ba ta yi."

Ya buɗe, ya ɗan taɓa maɓallin, ya koma gefe yana neman wani abu. Kwamfutar ta kawo. Ta wuce tambarin. Ta buɗe farin shafin da Rediyo ke rubutu, ta zauna lafiya lau kamar ba ita ba.

Kunya ta kama matar kamar an kama ta da ƙarya. "Wallahi a gida ba haka take yi ba."

"Na yarda. Haka suke, kamar yara ne, in an kawo su asibiti sai zazzaɓin ya gudu." Ya kifa ta, ya kwance ƙusoshin, ya ɗaga murfin ƙasa. Ya nuna mata fankar da bakin sukudireba: ƙura da gashin bargo sun toshe ta, sun yi dam kamar audugar matashi. Ya ce in kwamfuta ta rasa iska takan yi zafi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya goge, ya hura, ya kankare wani busasshen farin abu ya shafa sabo. Ya ce kada a ƙara ɗora ta a kan bargo.

Ta dawo gida da saurinta, har tana yi wa kanta faɗa a bas, don ita ce mai jawo bargon har ƙirjinsa. Ta shirya tebur, ta ajiye hannunsa, ta ce, "An wanke mata ciki. Sai ka biya bashin surutun da ake bin ka." Ta fita ta tsaya bayan labule tana saurare. Fanka ta yi huci, haske ya zo, haske ya tafi.

Wanda bai zauna da marar magana ba zai ɗauka shiru hutu ne. Ba hutu ba ne. Sauro ya sauka a goshinsa ba ta sani ba sai ta ga kumburi. Zanin gado ya naɗe a ƙarƙashin bayansa, ya kwana a kai, ba ta gane ba sai da ta ga jan sawu a fatarsa. Ta dinga zagaye gadon tana duba shi kamar mai neman allura, tana jin haushin kwamfuta, tana jin haushin mai gyara, har shi ma mai kwanciyar tana jin haushinsa, sannan ta ji kunyar haushin. Ɗinki ya tsaya. Keken da ta saba takawa tana jiyo ƙarar madannai daga ɗaki yanzu ƙararsa kaɗai take ji, sai ta kasa.

Ta koma shagon. Wannan karon Injiniya ya sauko da gilashin goshi. Ya kunna, ta zauna. Ya kashe, ya kunna, ta zauna. Ya cire batir ya gwada da caja kaɗai. Ya cire caja ya gwada da batir kaɗai. Ya zare wani ɗan siririn koren faranti da ya ce shi ne ƙwaƙwalwarta, ya goge bakinsa, ya mayar. Ya auna cajar da wani agogo mai wayoyi ja da baƙi, ya ce tana ɗan rawa, wataƙila wutar gidansu ce ke tayar mata da hankali. Ya ba ta aron tasa cajar, ya ce ta cika batir a falo, ta kai ta ɗakin ba waya a jiki.

"In ta sake fa?"

"In ta sake, to gidanku ne ba ta so."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ta sake kuwa.

Ranar da ta koma karo na ƙarshe ba ta ko gaishe shi ba. Ta dire jakar a kanta har murfin ƙusoshi ya yi tsalle.

"Malam, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba. Ni ba wasa na zo yi ba. Mutum na can kwance kamar itace, bakinsa ke cikin jakar nan. Kullum sai ka danna ta yi maka biyayya, ka ba ni in tafi in ji kunya."

Masu wayoyi na gefe suka leƙo. Injiniya ya bar ta ta gama, ya jawo mata kujerar roba.

"Zauna, Hajiya. Ba ki gaya mini ba marar lafiya ke amfani da ita."

Ta zauna, ta gaya masa a gutsure: ƙafafu, hannu, harshe, yatsa guda. Yana ji yana kallon kwamfutar, ba ya kallonta.

"Ke kin taɓa kunna ta a gida?"

"Ni? Ai ba ya bari. Direba ne, ba a taɓa masa makulli."

"To shi yaya yake kunnawa? Nuna mini."

"Kamar yadda kowa ke yi mana."

"A'a. Yadda kika gani. Zauna kamar shi, ki ɗora hannu kamar nasa."

Ta so ta ce wannan kuma wane irin iya shege ne, amma wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta san hannun nan fiye da nata, ita ke wanke shi, ita ke yanke masa farce. Ta saki kafaɗa, ta bar tafin ya kwanta a gefen madannai da nauyinsa, ta ja manuniya a hankali, tana jan ta kamar mai jan buhu, har ta hau maɓallin. Ta bar ta nan, yadda take ganin tasa daga bakin ƙofa duk kwanakin nan.

Fanka ta yi huci. Tambari ya fito. Allon ya yi baƙi.

"Ka gani!" ta ce, har da miƙewa. "Ka gani da idonka? Wa ya yi ƙarya?"

Daɗi ne ya kama ta, daɗin wanda aka daɗe ana ƙaryatawa. Sai ta lura Injiniya bai miƙo hannu ya ɗauki sukudireba ba. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu.

"Ɗaga yatsanki, Hajiya."

Ta duba. Yatsan na nan kan maɓallin.

"Kowace kwamfuta haka aka yi ta," ya ce, ƙasa-ƙasa, don kada na waje su ji. "In ka danna ka saki, ta kunnu. In ka danna ka riƙe, ta ɗauka kashe ta kake so, sai ta mutu. Tawa ma haka za ta yi. Wannan lafiyarta ƙalau."

"To ai shi ba riƙewa yake ba. Me zai sa ya riƙe?"

Kafin ta rufe baki ta gano amsar da kanta. Ba ta sake tambaya ba. Ashe duk wahalar nan an bar jaki ana dukan taiki. Yatsan yana iya sauka, nauyinsa ma ya isa ya saukar da shi. Tashi ne ba ya iyawa.

Ta mayar da kwamfutar cikin jaka ta ja zif. Injiniya ya fara cewa akwai dabarar da zai yi, zai iya sa ta ta riƙa kunnuwa da kanta da zarar an ɗaga murfi, ba sai an danna komai ba. Ya kai tsakiyar maganar ya tsaya, don shi ma ya hango ba a kunnawa kaɗai matsalar za ta tsaya ba. Ta ajiye masa cajarsa a kanta. Ta tsane shi a lokacin, tsana mai zafi, alhali ta san ba shi ya yi ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ta fita ba sallama, ya bi ta da "Allah ya ba shi lafiya," ba ta juyo ba.

A bas ta zauna da jakar a cinya, tana ta ɗaga manuniyarta tana saukewa a kan yadin, tana mamakin ashe wannan ma aiki ne.

Maƙwabciya ta tare ta a falo. "An dace?"

"An ce lafiyarta ƙalau."

"Alhamdulillahi. To bari in je, na bar tukunya a wuta."

Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta taga ya kwanta a ƙafar gadon. Yana kwance yadda ta bar shi, fuskarsa na kallon ƙofa, an ɗan goge masa baki ba daidai ba. Ta gyara. Ta gitta teburin, ta fito da kwamfutar, ta buɗe murfi. Idonsa na bin hannunta. Maimakon ta ɗauki nasa hannun, sai ta kai nata kan maɓallin.

Gurnanin ya taso, ya fi na ranar farko ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Yi haƙuri, Malam. Yau dai sai na taɓa."

Ta danna ta saki. Fanka, tambari, sannan farin shafi, da ɗan baƙin layi yana ƙiftawa a kusurwa yana jira. Ba ta mutu ba. Suka zuba mata ido su biyu, ta ƙi mutuwa.

Ta ɗauki hannunsa ta ajiye inda ta saba. Yau ba ta fita ba. Ta zauna a bakin gadon.

"Ga ta nan. Faɗi abin da za ka faɗa."

Ya daɗe bai motsa ba. Ta ɗauka ƙi zai yi. Can sai ta ga yatsan ya fara ja, gumi na tsattsafowa a goshinsa, har ya hau wani madanni a layin tsakiya ya sauka. Harafi ya fito. Wani irinsa ya biyo, wani ya biyo, suka zubo a guje, layi ya cika ya gangaro na biyu, na uku, harafi ɗaya tak, babba, yadda za a iya karantawa daga bakin ƙofa. Yana kallon allon, yana kallon yatsan. Ta ga yadda yake ba shi umarni da duk abin da ya rage masa, yatsan bai ji ba. Shafin ya cika ya fara hawa sama.

Ta sa hannu ta ɗaga masa. Ba shi da nauyin komai. Rubutun ya tsaya.

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Ta goge da bakin mayafinta. Ita ba ta yi kuka ba tukuna.

"Tun yaushe?" ta ce.

Ya kalle ta kawai. Ta gane wautar tambayar: ba shi da inda zai sa amsarta. Daga yau duk abin da za ta ji daga gare shi sai wanda ita ta fara kawowa da bakinta.

"To ji nan. In e ne, ka rufe ido ka buɗe. In a'a ne, ka bar su a buɗe. Ka ji?"

Ya rufe, ya buɗe.

"Ka san ba kwamfutar ba ce?"

Ya rufe, ya buɗe.

"Tun ranar farko?"

Ya rufe, ya buɗe.

"Ka bar ni ina hawa bas ina sauka, ina zagin bawan Allah a shagonsa." Ba tambaya ba ce, amma ya rufe ya buɗe. Ta riƙe yatsan a tafinta. "Akwai abin da kake son gaya mini yanzu?"

Ya rufe, ya buɗe, da sauri.

Ta gyara zama. "Ruwa?" Ido a buɗe. "In juya ka?" A buɗe. "Wani wuri na maka ciwo? Baya? Wuya?" A buɗe. "Yarinya? In kira ta? Ko kada in gaya mata?" A buɗe. Ta tambayi likita, ta tambayi magani, ta tambayi ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Ta tambaya ko akwai wanda ya yi wa laifi yake son a nema masa gafara, ko wani abu ya ajiye a wani wuri. Ta tambaya ko ita ce ta yi masa wani abu. Idanun na nan a buɗe, sun yi ja don rashin ƙiftawa, suna roƙonta ta ci gaba. Wannan mutumin da ta yi shekaru tana ƙarasa masa zance kafin ya kai ƙarshe, yau ta lalube kanta kaf ba ta sami bakin zaren ba.

Hasken tagar ya bar ƙafar gadon ya hau bango. Allon kwamfutar ya dusashe da kansa don an daɗe ba a taɓa ba. Tambaya ɗaya ta rage mata, wadda take ta kewayewa tun a bas.

"Malam," ta ce, "tsoro kake ji?"

Fatar idonsa ta sauko a hankali ta rufe. Ta jira ya buɗe. Numfashinsa na fita daidai, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, amma idanun ba su buɗe ba. Ta kira shi sau ɗaya, ta sake kira. Ba ta san ko amsa ya ba ta ba, ko gajiya ce ta kayar da shi, kuma ba wanda za ta tambaya.